Zanen Aro a Gaban Alƙali

Babu wata doka a Nijeriya da ta hana talaka shiga kotu. Ƙofa a buɗe take, alƙali yana zaune, kuma kundin tsarin mulki na 1999 ya yi wa kowa alkawari iri ɗaya. Sashe na 36 ya ɗauki duk wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai an tabbatar da laifinsa, ya kuma ba shi ikon kare kansa, ko dai da bakinsa ko ta bakin lauyan da ya zaɓa. Sashe na 35 ya wajabta kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, ko kwana biyu idan ta fi haka nisa. Duk da wannan, alƙaluman hukumar gidajen gyaran hali sun daɗe suna nuna abu guda: kusan biyu cikin kowane mutum uku da ke tsare ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi. Da yawa daga cikinsu ba su da mai tsaya musu. Batun lauyan da mutum ya zaɓa yana da daɗin ji a kunne, sai dai zaɓi na mai abin biya ne.

Wannan giɓi ne ƙungiyoyi masu zaman kansu ke ƙoƙarin cikewa. Suna ɗaukar lauyoyi, suna zagaya caji ofis da gidajen yari, suna tsaya wa matar da aka hana gado da leburan da aka cinye wa ladan guminsa. Mafi yawan kuɗin da suke aiki da shi tallafi ne daga gidauniyoyi da gwamnatocin ƙasashen waje. A nan tambayar da ke damuna take: idan fitowar mutum daga kurkuku ta dogara ga wata takardar tallafi da aka sa wa hannu a Landan ko Niyok, haƙƙinsa aka ba shi ko sadaka aka yi masa? Amsar da zan kare ita ce, wannan kuɗi halal ne kuma ana buƙatarsa, amma matsayinsa na biyan bashi ne. Duk ranar da mai bayarwa ko mai karɓa ya ɗauke shi sadaka, to ya soma ɓata abin da ya zo gyarawa.

Kafin a kai ga batun kuɗi, ya kamata a tabbatar da cewa lauya ba kayan ƙawa ba ne. Akwai hadisi sananne da Buhari da Muslim suka rawaito daga Ummu Salama, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gargaɗi masu kawo masa ƙara cewa wani kan fi abokin shari'arsa iya tsara hujja, shi kuwa alƙali da abin da ya ji yake hukunci, don haka wanda ya ci haƙƙin ɗan'uwansa ta wannan hanya ya sani wuta ya gutsura. Abin lura shi ne, matsalar da hadisin ya nuna tana nan ko da alƙali ya kai ƙololuwar adalci. Bambancin iya magana kaɗai ya isa ya karkatar da hukunci. A zamaninmu iya maganar nan ta zama sana'a, ana koyonta shekara da shekaru, ana kuma sayar da ita. Kotun majistare da babbar kotu da Turanci suke rubuta bayanansu. Akwai wa'adin ɗaukaka ƙara, akwai ka'idar gabatar da shaida, akwai sharuɗɗan beli. Kotunan shari'ar Musulunci ma, waɗanda ake zamansu da Hausa, suna da nasu ƙa'idojin, kamar sharuɗɗan shaidu da i'izari da hukuncin janye iƙirari, waɗanda manomi bai taɓa jin sunansu ba. Mutum kan shiga kotu da gaskiyarsa ya fito da ɗauri, sai ya dafa kai ya ce shari'a saɓanin hankali. Sau da yawa shari'ar lafiyarta ƙalau, wanda ya san harshenta ne bai tsaya a gefensa ba.

Arewa ta ga misalin haka ƙuru-ƙuru. A watan Oktoba na 2001 wata kotun shari'ar Musulunci a Gwadabawa ta yanke wa Safiya Husaini ta Tungar Tudu hukuncin jefewa. A watan Maris na 2002 kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar Musulunci a Sakkwato ta sallame ta, kuma daga cikin dalilan akwai cewa abin da ake tuhumarta da shi ya gabaci fara aiki da dokar. A wannan watan ne kuma kotun Bakori ta yanke wa Amina Lawal irin wannan hukunci, kotun Funtua ta tabbatar da shi, sannan a watan Satumba na 2003 alƙalai huɗu cikin biyar na kotun ɗaukaka ƙara ta Katsina suka rushe shi. Hujjojin da suka kuɓutar da ita daga cikin fiƙihun Malikiyya da dokar jihar suka fito: tana da ikon janye iƙirarinta, alƙali ɗaya ya zauna a inda doka ta buƙaci ya zauna da mataimaka, sannan akwai mas'alar kwantaccen ciki, wadda ke ba da damar jingina cikin bazawara ga tsohon mijinta har tsawon shekaru. Hujjojin fiƙihun suna nan cikin littattafai tun kafin a haifi matan biyu. Abin da suka rasa a zaman farko shi ne wanda zai ɗauko su ya ajiye a gaban alƙali.

Ƙungiyoyi irin su BAOBAB da WRAPA ne suka haɗa lauyoyin da suka yi wannan aiki, da gudummawar masu tallafi. Kuɗin bai sayi hukunci ba. Abin da ya biya shi ne kuɗin mota zuwa kotu, da kwafin bayanan zama, da lokacin lauya da na malaman da aka tuntuɓa. Akwai kuma wani darasi a cikin labarin. A 2003 shugabannin BAOBAB sun fito fili suka roƙi masu yaɗa takardun koke daga ƙasashen waje su dakata, domin wasu takardun na ɗauke da bayanan da ba daidai ba, kuma matsin lambar na iya tunzura mutane ya jefa wadda ake son ceto cikin haɗari. Taimako daga nesa yana iya zama magani, yana iya zama dafi. Abin da ke raba su shi ne ko mai taimakon ya yarda cewa na kusa ya fi shi sanin hanya.

To, tunda amfanin tallafin a bayyane yake, me ya sa nake ƙin a kira shi sadaka? Saboda sadaka da haƙƙi ba halinsu ɗaya ba. Mai sadaka shi ke zaɓen wanda zai ba, da ranar da zai bayar, da adadin da zai bayar, kuma in ya fasa babu mai kai shi ƙara. Wanda aka ba godiya ce tasa. Haƙƙi kuwa nemansa ake yi da ɗaga murya, wanda ya biya shi sauke nauyi ya yi, bai yi wa kowa alfarma ba. Sadaka ta dace da abubuwa da yawa na rayuwa, amma idan aka ɗora adalci a kanta, an mayar da daidaito a gaban doka abin da ke jiran yanayin zuciyar mai arziki. Mutumin da aka tsare ba bisa ƙa'ida ba sai ya koma mai bara, alhali shi ne mai bin bashi.

Wani zai tambaya, wane bashi yake bin attajirin da bai taɓa ganinsa ba? Amsar tana cikin abin da attajirin ke mora daga doka kowace safiya. Takardar mallakar filinsa, da yarjejeniyar cinikinsa, da ɗan sandan da ke hana a fasa masa shago, duk ƙarfinsu daga kotu yake. Tsarin da ke tsare masa dukiya shi ne dai tsarin da ke tsare talaka a ɗakin duhu. Al'umma ce ta gina shi, ta cika shi da ƙa'idojin da sai gwani ke gane su, sannan ta haramta wa kowa ɗaukar doka a hannunsa. Wanda ya hana ni rama zalunci da hannuna, ya ce in zo kotu, ya ɗauki nauyin ganin cewa zan iya isa kotun in kuma yi magana a cikinta. Wannan nauyi a kan hukuma yake da farko. Idan ta gaza, yana komawa kan masu hali, kamar yadda malamai ke bayanin farali kifaya: in wasu sun yi ya sauka daga kan kowa, in an rasa mai yi kowa ya ɗauki alhaki.

Akwai suka mai ƙarfi da ake yi wa tallafi, wadda bai kamata a yi mata riƙon sakainar kashi ba. Masu ita na cewa kuɗin gidauniyoyi rufin asirin gwamnati ne. Tun 1976 aka kafa hukumar ba da agajin shari'a ta ƙasa, aka sabunta dokarta a 2011, kuma sashe na 46 na tsarin mulki ya ɗora wa Majalisar Tarayya yin tanadin taimakon kuɗi ga marar hali da aka tauye wa haƙƙi domin ya ɗauki lauya. In har baƙi za su ci gaba da biya, me zai sa a ƙara wa hukumar kasafi? Na yarda da rabin wannan magana. Rabin da ban yarda da shi ba shi ne a ce a ƙi tallafin har sai gwamnati ta farka. Mai wannan ra'ayi a gidansa yake kwana. Shekarun da za a kwashe ana jiran farkawar, daga rayuwar wani za a cire su, wanda ke zaune a ɗakin da aka gina don mutum goma aka zuba hamsin. Ba daidai ba ne in biya kuɗin tsarkin ra'ayina da ƙuruciyar wani. Abin da sukar ke koyarwa shi ne ƙungiyar da ta karɓi tallafi kada ta tsaya ga fito da mutane ɗaya bayan ɗaya. Ta riƙa ƙirga su, tana rubuta dalilin tsare su, tana kai wa hukuma lissafin gazawarta.

Haɗari na biyu ya fi wannan ɓoyuwa, kuma Hausawa sun riga sun ba shi suna: in baki ya ci, ido kan ji kunya. Inda aka fi ganin wannan a rubuce shi ne Amurka, don haka zan leƙa can. A 1963 Kotun Ƙolin ƙasar, a shari'ar wani fursuna mai suna Gideon wanda ya rubuto kokensa da fensir daga kurkukun Filorida, ta yanke cewa dole jiha ta ba marar hali lauya a manyan laifuka. Hukuncin bai shafi shari'un da ba na laifi ba, irin su korar ɗan haya ko rikicin riƙon 'ya'ya. Saboda haka a 1974 majalisar ƙasar ta kafa wata hukuma da ake kira LSC, wadda ke raba kuɗin gwamnati ga ƙungiyoyi sama da ɗari masu tsaya wa talakawa kyauta. Lauyoyin suka yi aikinsu da gaske, har suka riƙa kai hukumomin gwamnati da manyan masu gonaki ƙara suna yin nasara. A 1996 majalisa ta zaftare kasafin daga dala miliyan 400 zuwa miliyan 278, ta kuma gindaya sharuɗɗa. Aka hana ƙungiyoyin shigar da ƙara guda a madadin jama'a masu yawa da matsalarsu ɗaya, aka hana su kai ƙara a madadin fursunoni, aka hana su ƙalubalantar dokokin tallafin marasa galihu. Sharuɗɗan sun bi har kuɗin da ƙungiya ta samo daga wani wuri. A 2001 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, ta soke sharaɗin ƙarshen nan, bisa hujjar cewa ɗaure bakin lauya yana gurgunta aikin kotu kanta. Sauran da dama suka ci gaba da aiki.

Abin da wannan tarihi ke nunawa shi ne mai biya yakan so talaka ya sami lauya, muddin lauyan ba zai juyo kansa ba. A wurinmu sharaɗin ba lallai ya zo a rubuce ba. Gidauniya tana da abin da take sha'awa a bana, baɗi kuma ta sauya. Ƙungiya sai ta koyi karanta fuskar mai bayarwa, ta riƙa zaɓen shari'un da za su yi kyau a rahoto. Bazawara da maraya suna da saurin jawo tausayi. Saurayin da ake tuhuma da fashi, wanda aka kwaso a samame tare da mutanen unguwa, ba ya jawo komai sai tsaki. Amma tsarin mulki bai ce marar laifi shi ne mai ban tausayi ba. Wanda jama'a suka fi ƙi shi ya fi kowa buƙatar lauya, domin shi ne aka riga aka yanke wa hukunci a bakin titi. Ma'aunin da nake auna kowane tallafi da shi ke nan: lauyan da aka biya da kuɗin zai iya tsaya wa wanda mai kuɗin ke ƙyama? Zai iya kai abokin mai kuɗin ƙara? In amsar a'a ce, abin da aka saya kwalliya ce.

Haɗari na uku na lokaci ne. Tallafi yakan zo da wa'adin shekara ɗaya ko biyu ko uku, shari'a kuwa ba ta san wa'adi ba. Ana ɗage zama saboda mai gabatar da ƙara bai zo ba, ko babu motar kawo fursuna, ko an yi wa alƙali canjin wurin aiki an koma farko. Idan kuɗi ya ƙare a tsakiyar shari'a, wanda aka ɗauko an bar shi a tsakiyar kogi. Duniya ta ga yadda hakan ke faruwa a farkon 2025, lokacin da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙasashen waje cikin dare ɗaya, ayyuka da yawa a Afirka suka tsaya cak. Haka kuma son adadi mai yawa a rahoto yakan tura ƙungiya ga shari'u masu sauƙi. Wanda ya fito da mutum ɗari da aka tsare kan ƙananan tara ya fi burge takarda a kan wanda ya shekara huɗu yana bin shari'ar mutum ɗaya mai fuskantar kisa. Duka biyun aikin alheri ne, sai dai lissafi yana ganin na farko ya makance ga na biyu. Mai biyan bashi na gaskiya yakan tsaya har a kai ƙarshe.

Ba kowace matsala ce ke buƙatar lauya mai hula da baƙar riga ba, kuma wannan yana rage tsadar bashin. A Saliyo, bayan yaƙin basasa, lauyoyi kaɗan ne kuma kusan dukkansu a babban birni suke. A 2003 aka kafa ƙungiyar Timap, wadda ta horar da mutanen gari su zama mataimakan lauya. Suna bayyana wa mutane doka da harshensu, suna sasanta rikici, suna raka mutum ofishin hukuma, sai abin da ya gagara su miƙa wa lauya. A 2012 dokar agajin shari'a ta ƙasar ta amince da su a hukumance. Wannan misali ya burge ni ta fuska biyu. Abin da tallafi ya fara, doka ta karɓe shi, wato bashi ya koma kan mai shi na asali. Sannan ilimin ya zauna a cikin gari, inda ƙarewar kuɗi ba za ta kwashe shi ba.

Wannan ya kawo ni gida. Zanen aro ba ya rufe katara, kuma ba mutunci ba ne al'ummar da ke alfahari da shari'a ta bar kare raunananta a hannun baƙi. Muna da kyakkyawar al'ada: duk azumi da salla ana samun masu hali da gwamnoni suna biya wa fursunoni tara da ƙananan basussuka a sake su. Allah ya saka musu. Amma a lura, wannan taimako yana zuwa ne bayan an gama shari'a, bayan sunan mutum ya shiga littafin masu laifi, wataƙila a kan abin da bai aikata ba. Kaɗan daga wannan kuɗi, da an kashe shi a ranar farko a caji ofis, da ya hana ɗaurin tun daga tushe. Biyan tara yana da biki da hoto, biyan lauya ba shi da su, shi ya sa hannu ya fi saurin zuwa ga na farko.

Muna kuma da tsarin da ya dace da wannan buƙata, wato wakafi, wanda wasu ke kira hubusi. Jihohi irin su Kano da Sakkwato da Zamfara suna da hukumomin da ke kula da shi tare da zakka. Hikimar wakafi ita ce dukiyar tana fita daga hannun mai ita gaba ɗaya. Sayyidina Usman ɗan Affan ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a, gugansa ya zama daidai da na kowa. Bai tsaya a bakinta yana tantance wanda ya cancanci sha ba. Idan attajiri ya tsayar da rukunin shaguna, kuɗin hayarsu ya riƙa biyan lauyoyi da mataimakansu a ƙarƙashin amintattun da ba ya iya tsigewa don sun ɓata masa rai, to an magance haɗarin wa'adi da na jin kunya a lokaci guda. Majami'u da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da ƙungiyar lauyoyi kanta suna iya yin irin wannan. Sharaɗi ɗaya ne kawai: rijiyar ta shayar da duk mai ƙishi, Musulmi ko Kirista, ɗan gari ko baƙo, har da wanda zai kai mai rijiyar ƙara.

Saboda haka ina tare da masu cewa a ba da tallafi, a kuma karɓa, daga gida ko daga waje. Abin da nake nema shi ne kowa ya san matsayinsa. Mai bayarwa ya nemi bayanin yadda aka kashe kowace naira, wannan haƙƙinsa ne, amma kada ya nemi zaɓen wanda za a kare ko hujjar da za a kafa. Ƙungiya ta tuna cewa amanar da ke wuyanta ta wanda ke tsare ce, shi ne uban gidanta ko da bai biya ko sisi ba. Hukuma kuma kada ta ɗauka an yafe mata. Duk mutumin da wata ƙungiya ta fito da shi shaida ne a kanta. Shi kuwa wanda aka tsaya wa, in ya yi godiya halin kirki ne, amma kada a sa shi durƙusawa. Abin da ya karɓa nasa ne tun ranar da aka ce masa kada ya rama da hannunsa, ya zo gaban alƙali.